Saura Garkuwa

Zuwa ga Yayata Tahira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara duka. Ya Ɗambatta, ya aikin makaranta? Mu nan alhamdu lillahi, ruwa yana sauka yadda ake so, gero har ya kai gwiwa. Ummi tana gaishe ki, haƙoranta na gaba sun fita, yanzu da hannu a baki take dariya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Yahya direba, ki ce Luba ta koma zamanin kakanni. To ba ni da waya, Yaya. Ba ta lalace ba, ba kuma sace ta aka yi ba. Tana nan lafiya lau a hannun Baban Ummi, wato Usaini, bari in rubuta sunansa tunda takarda ba ta kai ƙara. Wayar da kika ba ni da sallah ya gano ta fi tasa ƙarfi, ya ce in ara masa na kwana biyu. Aron nan yanzu har ya yi saiwa.

Gem yake bugawa. Abdulkabir, ɗan ƙanen babansu da ke karatu a kwalejin Bici, shi ya kwaso mana wannan annoba. Ba da son raina na san yadda ake yin sa ba, a kan tuwo ake karanta mini. Wai kowa zai gina jaruminsa. Za a ba ka shi da tsumma da sanda, ka riƙa tura shi daji yana kashe dodanni, ana ba shi maki. In makin ya taru sai ka zaɓi inda za ka zuba, ko a ƙarfi, ko a zafin nama, ko a iya wani makami. Abdulkabir ya gaya masa a gabana cewa masu hankali makami ɗaya suke kamawa, su zube komai a kansa har su gagara. Shi kuwa naki ya ce atafau. Sai jaruminsa ya iya takobi saboda wanda ya matso kusa, ya iya kwari da baka saboda na nesa, ya iya mashi saboda na kan doki, ya iya gatari saboda mai sulke. Makin da zai ƙosar da abu ɗaya ya raba shi gida-gida, kamar mai rabon naman suna.

Sakamakon kenan, jarumin bai iya komai da kyau ba. Abokan wasansa sun yi nisa, shi kuwa kullum ana kashe masa shi yana komawa baya. In an kashe shi, ranar ko na dafa kaza ba za a ce an gode ba. Kaza ma na tuna! Mutumin da in za a yanka zakara sai an kira maƙwabci, shi ne ke koya mini bambancin sara da suka. Tir!

Kin san cikin ƙauyen nan ba sabis sai kan tudu, wajen ɗorawar nan ta bakin hanyar gona. Can ya tare. Ya toshe kunne da igiyar waya yana ta ihu shi kaɗai, su Abdulkabir suna amsa masa daga inda suke. Mutane na wucewa da fartanya a kafaɗa, shi yana zaune yana murza gilashin wayar da babban yatsa. Kowa ya gama noman farko ya shiga maimai, tamu gonar ciyawa ta kusa haɗiye gyaɗa.

Na san abin da za ki ce, in yi haƙuri da shi saboda Hasan. Ban manta ba. Ina gidan nan daminar bara waccan 'yan bindiga suka biyo ta gonar nesa a kan babura, suka tafi da Hasan, ɗan tagwaicinsa, ba a samu komai a wurin ba sai fartanyarsa a kan kunya. Har yau ba kira, ba gawa. Ni na zauna da Usaini watannin da ko sallama da ƙyar yake amsawa. Shi ya sa ranar da na fara jin dariyarsa a kan gem ɗin nan har hamdala na yi. Amma yanzu abin ya wuce magani ya koma wata cutar. Ƙato da gemu, uban 'ya, yana tsalle don an ba hoto gatari. Wallahi in ya shigo yana ba ni labari, ficewa nake yi in bar masa ɗakin.

Don Allah in kin ga Abdulkabir ki ja masa kunne. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Luba

*

Yaya Tahira,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya, jikin autanki kuma da sauƙi. Na ga amsarki da sabulun, Allah ya ƙara buɗi. Kin ce in bar shi zai gaji da kansa. Yaya, magana ta wuce nan.

Na fara lura ne a injin niƙa. Ina isa mata suka yi tsit, kowa ta kama gyaran ɗankwali. Kulu matar Sama'ilu, wadda kullum sai ta leƙo aron rariya ko gishiri, ta ɗauke ƙafa. Sama'ilun nan kin san shi, gonarsa ce ke iyaka da tamu, tare suka yi yarinta da su Hasan, yanzu shi ne shugaban 'yan sintirin gari. Sai Baba Hure mai ƙuli-ƙuli ce ta ji tausayina, ta ja ni bayan danga ta gaya mini abin da gari yake ci yake sha.

Wai Hasan bai mutu ba. Wai ya shige cikin mutanen da suka ɗauke shi, ya zama ɗansu, Usaini kuma shi ke nemo masa makamai yana ba shi labarin gari ta waya. Shaidarsu kuwa kunnuwansu. Masu wucewa ta gindin ɗorawa sun ji shi da bakinsa yana cewa Hasan ya samu gatari. Wani ya ji yana cewa a jira Hasan, shi zai shiga gaba. Wata ta ji ya ce ranar kasuwa za a kai hari ta gabas. Don ƙarin tsiya kuma, ranar kasuwar Tsanyawa da ta wuce aka kore shanu a ƙauyen da ke gabas da mu.

Na ce wa Baba Hure ai wasa ne, a gem ɗin ma hari suke cewa in za su faɗa wa gidan dodo. Sai ta tambaye ni to me ya kawo Hasan cikin wasa. Na yi mata sallama na kama hanyar gida.

Da Usaini ya tafi masallaci azahar ya bar wayar a caji, na ɗauka na buɗe, tunda tawa ce, lambar ba ta canza ba. Ga jarumin nan tsaye, takobi a kugu, baka a baya. A saman kansa an rubuta sunan da Usaini ya raɗa masa. Hasan. Har tabon nan na kan gira ya yi masa, wanda ya samu da jaki ya yar da shi suna yara.

Yaya, jefa wayar na yi kan katifa kamar na taɓa mushe. Ɗan'uwanka da ba a san ko yana duniya ba, wanda uwarku ke yi wa addu'a kowace sallah, ka ɗauki sunansa ka liƙa wa 'yartsana, dodanni suna kashe shi safe da yamma kana tashinsa? Wannan wace irin ƙazanta ce? Da ya dawo ban rage masa komai ba. Na ce ya tashi yanzu ya je ƙofar Dagaci ya nuna musu abin da ke cikin wayar, magana ta mutu. Ya ce ba zai kai Hasan a yi masa dariya ba. Na ce to ya canza sunan. Ya dube ni kamar na ce ya canza uwa, ya zare wayar daga caji ya fita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna, surukata. Wata marar tsoron Allah ta kai mata labarin, ita kuwa tsohuwa ba ta ji ɓangaren makamai ba, abu ɗaya ta ji, Hasan yana raye. Jiya na same ta ta fito da rigunansa daga akwati ta wanke ta shanya, tana ta waƙe-waƙenta na da. Ta riƙe hannuna ta ce in gaya mata gaskiya, in yana waya da ɗan'uwansa a ba ta ta ji muryarsa, ba za ta gaya wa kowa ba. Na ce Usaini ya je ya gaya mata da bakinsa. Har yanzu bai iya ba, ta bayan ɗakinta ma yake zagayawa.

'Yan sintiri sun fara zama a kan gungumen da ke kallon ƙofar gidanmu. Waɗannan yaran da suka sha furar gidan nan har suka gaji, yanzu in na gaishe su sama suke kallo. Kin san abin da aka yi wa wanda aka kira ɗan leƙen asiri a garuruwan nan, ba a jiran hukuma. Shi kuwa gogan naki yana can gindin ɗorawa. Wai saura garkuwa kaɗai jaruminsa ya cika, kuma sai an kashe wani babban dodo ake samunta.

Ki sa mu a addu'a. Ki nemo mini Abdulkabir ko ta halin ƙaƙa, ya zo ya yi wa mutanen nan bayani.

Taki,
Luba

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu dai da rai. Na san labari ya riga takardar nan zuwa, to ga yadda aka yi, kada ki ji a bakin 'yan mota.

Bayan la'asar ne. Ina tankaɗe na ji ihu daga wajen tudu, irin ihun da ake yi wa ɓarawo. Ban san lokacin da na fita ba, mayafin ma a hanya na gane zanin Ummi ne. Kafin in isa sun gama abin da za su yi. Sun zagaye shi yana tsakiyar yaƙin garkuwar nan, kunne a toshe, bai ji zuwansu ba. Sama'ilu ya ce ya miƙo wayar. Shi kuwa maimakon ya miƙa sai ya danne ta a ƙirji da hannun dama ya duƙunƙune. A kan hannun suka sauke gora. Ba baƙi ba ne, Yaya. Wanda ya fara dukan, Usaini ne ya koya masa hawan keke.

Suka ja shi zuwa ƙofar Dagaci, da ke nan kan tudun inda sabis ke kamawa, gari duka a biye, har da masu goyo. Allah ya sa Dagaci yana nan, ya daka musu tsawa ya ce a zaunar da shi. Wajen kokawa igiyar kunnen ta fita, sai ga murya daga cikin wayar tana ta kira, Hasan ina ka tsaya, Hasan ka harba mana, ana cin mu! Wuri ya ɗauki salati. Sama'ilu ya ɗaga hannu yana cewa kun ji ko, kun ji da kunnenku. Wani daga baya har ya fara cewa a kawo taya.

Dagaci ya karɓi wayar, gilashin ya yi duhu ya kulle. Yatsun Usaini sun kumbura sun karkace, ba sa taɓuwa. Ni na kutsa cikin maza na ce wayata ce, na danna lambar na miƙa masa. Ya kai bakinsa kusa ya tambayi wa ke magana. Muryar ta ce ranka ya daɗe Abdulkabir ne, daga makaranta, lafiya dai? Duk garin nan ba wanda bai san muryar Abdulkabir ba, tsoro ne kawai ya toshe musu kunne.

Dagaci ya ɗaga wayar kowa ya gani. Ga Hasan ɗin da ya hana gari barci, bai kai tsawon yatsa ba, yana tsaye sororo wani dodo mai kan bijimi yana ta jibgarsa, har ya faɗi.

Sai dariya. Innalillahi, ban taɓa jin abu mai ƙazanta irin dariyar nan ba. Mutanen da yanzun nan suke neman taya, su ne suka riƙe ciki suna tuntsurawa. Samari suna ture juna su ga tabon girar, wani yana cewa wallahi kamar an tsaga kara. Mijina yana zaune a ƙasa, jini na bin gwiwar hannunsa, abin da ya ce ba zai bari a yi ba ana yi a gabansa.

Dagaci ya sa aka yi shiru. Ya danna wani wuri bisa kuskure sai ga makaman a jere. Ya dube su, ya tambayi Usaini, shi wannan ɗan hoton me zai yi da tarin ƙarafa haka, takobi bai ishe shi ba? Na ɗauka ba zai amsa ba, don ni ma na sha tambayarsa, tsaki kawai nake samu. Sai ya ɗago, a hankali kamar mai ba da labarin ruwan sama, ya ce ranar da suka zo wa Hasan fartanya ce kawai a hannunsa. Ya ce bai san ta ina suka ɓullo masa ba, ta nesa ko ta kusa, a ƙasa ko a kan babur. Shi ya sa ba ya so ya bar masa ƙofa ko ɗaya.

Ba wanda ya ƙara dariya. Amma kada ki ɗauka kunya ta kama su. Sama'ilu ya sosa ƙeya ya ce to ai da sai ya faɗa tun farko, su aikinsu suke yi. Iyakar haƙurin da aka ba mu kenan. Kowa ya fara zamewa, wannan ya tuna akuyarsa, wancan ya tuna alwala.

Ashe Inna tana bakin taron. Ta ratso da sandarta, ta miƙa hannu, Dagaci ya ba ta wayar. Jarumin ya sake tashi kamar yadda suke yi, yana tsaye yana numfashi. Ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana kallo. Ta tambayi Usaini, wannan ne Hasan ɗin da ake cewa? Ya ce shi ne, Inna. Ta ce babu wani? Ya ce babu. Ta ba ni wayar, ta juya. Da na koma gida na tarar ta ninke rigunan ta mayar akwati, ta ɗora tabarma a kai.

Mai ɗori ya ce yatsu uku ne suka karye, da wuyan hannu. Babban yatsan bai yi alkawarin zai koma daidai ba. Gero kuwa ya nuna.

Na gaji, Yaya. Ki gaida yara.

Luba

*

Zuwa ga Yayata Tahira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, da fatan kun wuni lafiya, ya sanyin kaka? Man zafin da kika aiko ya iso, Allah ya saka da alheri. Hannun yana sauƙi, amma ko cokali bai riƙe ba tukuna. Inna ta fara cin abinci.

An yanke mana gero. Dagaci ne ya sa aka yi gayya, kuma su waye suka zo? Su ɗin dai. Sama'ilu a gaba, yana ba da umarni kamar gonar ubansa. Ni kuma al'ada ta ɗaure ni in dafa wa 'yan gayya. Na tsaya ina kallon hannuwan da suka riƙe gora suna yankar loma a tuwona, suna cewa miya ta yi daɗi. Da suka tafi kwanukan nan da toka na dirje su har hannuna ya yi ja. Kulu ta dawo aron rariya, tana cewa ita dama tun farko ba ta yarda ba. Na ba ta rariyar na ce ta riƙe, ba na so ta dawo.

Yanzu abin da ban so gaya miki ba, amma gara ki ji daga gare ni kafin Yahya ya kai miki.

Bayan abin nan Usaini ya ajiye mini wayata a kan gado, ya ce ga kayana, ya gode. Ya koma zaman da na sani, na watannin farko, fuska ga bango. Ummi ta yi ta masa surutu, ko uhm. Na yi kwanaki ina kallonsa ina kallon wayar. Rannan na gama wanke-wanke, na ja tsaki, na ce ya tashi mu je tudu.

Ni ce yanzu nake murza gilashin. Shi yana gefe da hannu a rataye yana ba da umarni. Luba baka, ya yi nisa! Luba mashi! Koma takobi, ya matso! Ni kuwa ina ta dannawa ba daidai ba, in ya ce gatari in zaro kwari. Mata na wucewa da itace suna kallon matar aure a gindin ɗorawa tana faɗa da dodo. Su kalla. Wanda ya isa ya zo ya tambaye ni da wa nake waya.

Kada ki ce na fara son abin. Wallahi har gobe ƙyamarsa nake, dodannin nan kamar abin da kare ya amayar, kiɗan kuma yana sa ni ciwon kai. Amma na gane wani abu. Mai kan bijimin nan kowane lokaci da irin zuwan da yake yi, ya yi jifa daga nesa, ya rugo a guje, ya sa sulke. Su Abdulkabir masu makami ɗaya sai sun taru suke iya shi. Namu shi kaɗai yana da amsar kowanne, in dai mai riƙe da shi ba ta ruɗe ba. Ya faɗi a hannuna ban san iyaka ba, kuma duk faɗuwa sai na kawar da ido, don sunan yana nan a saman kansa.

Shekaranjiya muka kayar da dodon. Garkuwar ta faɗo, na ɗauka na rataya wa jarumin. Usaini bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba, ya dai sa goshinsa a kan gwiwa.

Da muka koma gida Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Tun ranar ƙofar Dagaci ba ta ƙara tada maganar ba. Sai ta ce in kawo ta gani. Na durƙusa na nuna mata, ga shi nan ya cika, ba abin da ya rage. Ta duba, ta duba, ta ɓata rai. Ta ce wa Usaini ashe bai san ɗan'uwansa ba, wa ya sa masa takobi a dama? Hasan bahago ne, da hagu yake riƙe fartanya, duk dukan da ya sha yana yaro bai daina ba.

Akwai wurin canzawa, Usaini ya nuna mini. Mun mayar masa da takobin hagu, garkuwar a dama. Inna ta ce yauwa, yanzu ne ya iya tare kansa. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Ki gaida maigidan da yara. Kada ki kira ni tsakanin la'asar da magariba, wayar ba ta da sarari.

Ƙanwarki har kullum,
Luba